Shamuwar Tabalak

Ruwan daren jiya ya yi albarka, har shinge ya fito. Auta ta cika kwano a gindin fitila, Inna ta soya mana da gishiri.

Da sassafe Kawu ya goya ni a babur sai Tabalak, wajen kilomita 50 daga Tawa kan hanyar Agadas. Tabki ya fara cika. Balbela na bin shanu, zalɓe tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi. Na daɗe ƙarƙashin wata ƙaya ina kallon marai yana saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa, ya saƙa, ya rataya kai ƙasa yana kaɗa fiffike ko mace za ta leƙo. A yashi kuma buzuzu na tura kashin shanu da ƙafafun baya. Raina fes.

Muna shirin tashi sai ga wani yaro da danƙo a wuya, riƙe da shamuwa ta ƙafa, kanta na jan ƙasa. Ban taɓa ganinta kusa haka ba. Fuskar shuɗiya ce, da ɗan ja gaban ido, farin cikinta duk ya ɓaci da jini.

Kawu ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ba kowa, Baba. Nama ne."

"A gidanku ba a faɗa maka ba a taɓa shamuwa ba?"

Yaron ya girgiza kai. Wallahi ba rashin kunya a idonsa, bai sani ba ne kawai. Kawu ya nuna masa gawon da ke bakin gona. Gawo ba ya da ganye da damina, don haka sheƙunan a fili suke, ana hango kawunan 'ya'ya. Ya ce masa, "Ita ke cinye farar da za ta ci hatsin ubanka." Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce to. Amma bai ajiye ta ba.

Abin ya tsaya mini a rai har yanzu. Tsuntsuwar nan da rani can kudancin Afirka take, ta ratso ƙasashe ta zo ta yi sheƙa tsakiyar mutane don ta amince da mu. Muna yara, ganinta shi ne bushara, manoma su fara gyara kalme da iri. Ko ƙwanta aka ga yaro ya nufa, duk unguwa sai ta yi masa ca. Tun 2005 tabkin nan ke cikin jerin dausayin Ramsar, wato wuraren ruwa masu muhimmanci da ƙasashen duniya suka amince a kiyaye, amma wannan labarin bai kai kunnen yaron ba, na kakanni ma bai kai ba. Mu da muka sani, wa muka faɗa wa?

Hanyar dawowa shiru, Kawu ko rediyonsa bai kunna ba. Taya ta yi faci kusa da gari. Tuwon dare ban ci da yawa ba, Inna na ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Na tambayi Auta ko ta san dalilin da ba a taɓa shamuwa. Ta ce a'a. Asabar in Allah ya kai mu da ita za mu koma.