Gashin 'yar maƙwabciyata

Yau na raka maƙwabciyata, 'yar Jamhuriyar Dominika, wani shagon gyaran gashi a nan Bronx, cikin birnin New York, za a gyara wa 'yarta mai shekara bakwai kai saboda biki. Yarinyar baƙa ce kamar ni, gashinta cunkus, irin wanda a gida za mu baje tabarma mu yarfa masa shuku. Mai shagon ta damƙi gashin, ta girgiza kai ta ce "pelo malo", wato mummunan gashi, uwar ma har da dariyarta. Aka nannaɗe shi, aka cusa kan yarinyar cikin na'urar busarwa kusan awa guda, sannan aka bi shi da buroshi da iska mai zafi har ya kwanta luf. Tana ta kare kunnuwanta da hannu, amma ko uffan. Da aka gama sai ta tsaya gaban madubi tana kaɗa kai, gashin na lilo.

A hanya na ce wa uwar, kai, baƙar 'yar nan taki akwai kyau. Ta ce a'a, 'yarta "india" ce, wato mai launin fatar mutanen asalin yankinsu, ba 'yar ƙasar Indiya ba. Tun zamanin Trujillo, shugaban kama-karya na ƙasarsu, wanda ya sa aka karkashe dubban 'yan Haiti a bakin iyaka a 1937, aka daɗe ana rubuta wa mutanensu wannan kalma a katin shaida don kada a kira su baƙar fata. Har na buɗe baki zan yi mata wa'azi, sai na tuna da man bilicin da na shafa shekara biyu kafin aurena, na ja bakina na tsuke. Murmushin yarinyar nan ne ya tsaya mini a rai, don wallahi murnarta ta gaske ce.