Godiya ga yayyen filin wasa da duk wanda ya tsaya musu

Assalamu alaikum. Zangon karatu ya ƙare, kuma kafin kowa ya kama gabansa, wajibi ne in fito in yi godiya a bainar jama'a, a matsayina na malamin da aka ɗora wa kula da shirin wasannin hutun rana. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ƙarshen zangon lafiya. Bayan haka sai ɗalibanmu 'yan aji biyar da shida, waɗanda suka jagoranci ƙannensu 'yan aji ɗaya da biyu a wasannin motsa jiki, suka sadaukar da lokacin nasu wasan ba tare da an tilasta musu ba.

Duk wanda ya san filin makarantar firamare a lokacin hutu ya san yadda ake yi. Da an kaɗa ƙararrawa sai manya su mamaye tsakiyar fili da ƙwallo, ƙanana su raɓe a jikin bango suna kallo, wanda tsautsayi ya ritsa da shi ya sha ƙwallo a fuska. Yaran nan ne suka sauya wannan. Suna gama cin abinci sai su ɗauko igiyoyi da ƙwallaye, su shata fili, su raba ƙanana rukuni-rukuni: nan tseren miƙa sanda, can jifa da cafewa, gefe guda tsallen igiya. In lokaci ya kusa cika a busa usur, a tattara kaya, a ƙirga, a mayar da su ma'ajiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka magance matsalar zaɓen 'yan wasa. Da farko shugabannin rukuni ne ke zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum yara biyu ko uku ne ake bari ƙarshe, suna sunkuyar da kai. Wani ɗan aji shida ya lura, ya kawo shawarar a jera kowa a layi, a riƙa ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, shi ke nan an raba. Babu malamin da ya koya masa wannan. Haka wata yarinya 'yar aji biyar, da ta ga bayani da baki ba ya shiga kan ɗan shekara shida, sai ta daina dogon surutu. Ta durƙusa daidai tsayinsu, ta kama hannun yaro ta nuna masa yadda zai buɗe tafukansa ya tari ƙwallo, ta matso kusa har ya cafe, sannan ta riƙa ja da baya taku-taku. 'Yata, Allah ya yi miki albarka.

Wasu iyaye sun tambaye ni ko wannan ba zai ci lokacin karatu ba, kuma tambaya ce da ta dace. Shirin bai taɓa darasi ko ɗaya ba. Ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 na bukatar motsa jiki mai sa jini gudu na kimanin minti 60 a kowace rana, wanda darasin motsa jiki na jadawali kaɗai ba zai cike ba. Wasan kansa ma haƙƙinsu ne, yana nan a sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1989. Mun gode wa iyayen da suka saurara suka ba da izini.

Abokan aikina malamai masu sa ido a fili, ku ne kuka yi aikin da ya fi wuya, wato yin shiru. Malami ya ga yara suna gardama kan wanda ya riga taka layi, ya danne zuciyarsa ya bar ɗan shekara goma sha ɗaya ya raba, sai mai haƙuri. Kun tsaya kusa da akwatin agajin gaggawa, kun shigo ne kawai inda aka ji ciwo ko rigima ta fi ƙarfinsu. Na gode matuƙa. Godiya kuma ga shugabar makaranta da ta amince tun ranar farko, da masu rabon abinci da suka riƙa sallamar jagororin da wuri, da baba mai kula da harabar makaranta, wanda ke tsince duwatsu da fasassun kwalabe daga fili tun da sassafe. Allah ya saka wa kowa da alheri.

'Yan aji shida za su wuce sakandare, Allah ya ba su sa'a. 'Yan aji biyar ne za su karɓi ragama, kuma za a zaɓi sababbin mataimaka daga aji huɗu a makon farko na komawa. Iyayen da ke son a sa 'ya'yansu su sanar da malamin aji. Igiyoyin tsalle kuma duk sun tsinke, wanda Allah ya hore wa ya taimaka mana da wasu.