Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kaset ɗin Baba

Makon jiya na tsaya a inda na dawo Kumasi daga Ankara, babban birnin Gana, da jaka ɗaya da bashi a wuya, na kuma yi alkawarin yau zan ba da labarin aurena. A yi mini afuwa, auren zai jira. Ranar Juma'a a wurin sadakar arba'in ɗin Goggo a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, Yaya ya sake tayar da maganar kaset ɗin Baba a gaban surukai, har da cewa "da a hannuna suke da yanzu jikoki na saurare." Ban tanka ba, saboda wurin ba na tankawa ba ne. Amma tun ranar ban yi barcin kirki ba, don haka bari in faɗi yadda abin ya faru, kowa ya ji.

Kaset bakwai ne. Ni na ɗauke su da hannuna a 1998, a zauren gidanmu, bayan la'asar, Baba na kan buzunsa yana ɓare goro. A ciki ya ba da labarin yadda kakanmu ya biyo fatake har Salaga, da yadda ake ɗaure huhun goro don kada ya bushe a hanya, da abin da ya gani da idonsa a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa, maƙwabta suna sayar da gida a kuɗin akuya. Babu wanda ya sa ni. Yaya a lokacin cewa yake ɓata batir nake yi.

Baba yana da magana guda da ba ya gajiya da ita: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko yaro ya yi sata, ko mata sun yi faɗa, ko abokin ciniki ya gudu da kuɗi, ita ce dai. Ba ya tambayar wane ne ƙadangaren. Tsagar yake nema.

Ya rasu a 2003. A 2011 na sayi kwamfuta ta hannu a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, irin waɗanda ake saukewa daga Turai, na haɗa waya daga rediyo zuwa cikinta, na kwashe kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya. Dare bakwai na yi ina wannan aiki. Su kuwa kaset ɗin, damina ce ta ci su. Duk wanda ya zauna a Aboabo ya san abin da ruwa ke yi mana. Sun yi funfuna, zaren ya manne, na zubar da su ina alfahari cewa ai muryar tana wurin da ruwa ba ya kaiwa. Wannan zubarwar ita ce Yaya ke riƙe da ita har yau.

Kafin nan na taɓa shan ɗan wuya, ban dai ɗauki darasi ba. Na kai filash wani shagon intanet don buga takarda, na dawo na tarar duk foldodina sun zama 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya. Wannan cutar ɓoye kaya kawai take yi, ba ta cinye su, wani yaro ya fito mini da su a minti goma. Shi ya sa na raina abin. Lokacin ma zamanin sakawa ne, kalmarmu ta Hausa da duk Gana ta ara ta liƙa wa masu damfara ta intanet, har ana kallon kowane ɗan Zango mai kwamfuta da wutsiyar ido. Ni a zatona Turawa kawai ake cuta. Wa zai nemi mai shagon buga takardun biki?

A watan Mayun 2017 na ji a rediyo cewa wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suna mayar da marasa lafiya gida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe wannan ƙofa tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su aka kama. Na ce a raina, ga bangon Baba nan. Na faɗa, na yi dariya, na koma kan Windows 7 ɗina ta jabu wadda na kashe mata sabuntawa da hannuna don kada ta cinye mini data.

To, 2019. Ɗan Yaya na fari, wanda na riƙe shekara uku yana karatu, ina ciyar da shi ba a taɓa aiko mini da ko mudun shinkafa ba, shi ne ya ce yana son koyon gyaran hoto. Manhajar ta kuɗi ce. Ya samo wani shafi da ke bayar da ita kyauta tare da abin fasa makullinta. Shafin ya ce sai an kashe riga-kafin kwamfuta kafin a saka. Ya kashe.

Da na dawo daga sallar asuba na kunna don in buga katin wani suna. Hoton bai buɗe ba. Na gwada wani, shi ma haka. Duk fayilolin sun koma farare fat, kowanne an ƙara masa wata 'yar wutsiya a ƙarshen sunansa. Na shiga foldar da na rubuta wa "Baba", hannuna na rawa. Guda bakwai suna nan, girmansu bai ragu ba, amma ko ɗaya ba ya magana. Sai wata 'yar takarda da aka ajiye mai suna _readme.txt, da Turanci mai ladabi kamar na ma'aikacin banki: kada in damu, kayana suna nan lafiya, in biya dala 980, in kuma na tuntuɓe su cikin awa 72 za su yi mini ragi zuwa 490. Ɓarawo da ragi!

Na tashi yaron. Na ce, "Kai, me ka saka jiya?"

Ya ce, "Baffa, wallahi abin hoto ne kawai."

Na ɗaga hannu, sai na sauke. Domin a daidai lokacin idona ya faɗa kan faifan ajiya na waje, wanda na saya musamman don in adana kwafin muryar Baba. Yana nan a jone, fitilarsa na ƙiftawa. Wata takwas ban cire shi ba, don ƙyuyar sunkuyawa bayan tebur. Cutar ta bi waya ta shiga ta kulle shi shi ma. Abin da ke jone da kwamfuta ba ajiya ba ne, ɗaki ne kawai na biyu a gida ɗaya, kuma gobara ba ta tambayar ɗaki.

Wannan ne ban taɓa faɗa wa dangi ba. Shekara da shekaru na bar su suna cewa yaron ne, a bayan idon Yaya, shi kuma Yaya yana cewa ni ne. Wa ya ba yaron kalmar sirrin da ke ba da ikon saka komai? Ni. Kalmar ma sunan 'yata ce da shekarar haihuwarta, ita ce a Facebook, ita ce a imel. Sai bango ya tsage. Amma kuma, Yaya, tunda kana karanta wannan, na san ana tura maka: ƙadangaren daga ɗakinka ya fito.

Mai gyara a Adum ya duba ya girgiza kai. Ya ce irin wannan ana kiranta Djvu, ta hanyar manhajojin sata take yawo. In ta kulle kaya lokacin da babu intanet, makulli ɗaya take amfani da shi ga mutane da yawa, wani lokaci akan dace. In kuwa tana jone, makullin naka kai kaɗai ne, yana hannun masu ita. Tawa tana jone. Ya ce kada in biya, babu mai tilasta wa ɓarawo cika alkawari. Ko da ya ce in biya, ina zan samu? Ya wanke kwamfutar tas, ya ce in adana faifan yadda yake, ko wata rana.

Bai gaya mini in canza kalmomin sirri ba, kuma wannan ina riƙe da shi a kansa. Ashe cutar ba ita kaɗai take zuwa ba, tana tafe da mai kwashe duk kalmar sirrin da mutum ya bar wa burauza ta riƙe masa. Bayan kwana huɗu Inna ta kira ni tana kuka: "Ɗan nan, wane asibiti aka kai ka?" An shiga Facebook ɗina ana bin dangi ɗaya ɗaya cewa na yi haɗari a hanyar Tamale, a turo kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu. Ɗiyar Kawu ta tura sidi 200 daga kuɗin kokonta. Na biya ta, amma har yau in mun haɗu sai ta tambayi ƙafata.

Yanzu yarana suna kirana ɗan sanda. Kowa da nasa wurin shiga a kwamfutar, ba mai iya saka ko wasa sai na zo. In ta ce za ta sabunta, ko data ta kusa ƙarewa, sai ta sabunta. Kowane asusu da kalmarsa daban, doguwa, kuma sai lamba ta zo wayata kafin a shiga. Na rubuta su da ajami a wani littafi, na sa a akwatin ƙarfen Baba inda yake ajiye lissafin goro. Ran Juma'a bayan masallaci nake jona sabon faifai, in kwafa, in cire, in mayar akwati. Da aka yi dokar tsaron intanet a 2020 aka kafa hukuma, na rubuta lambarsu 292 a bangon shago, na kuma sa mutum biyu sun kira da aka yi musu irin ta Inna. Tsohon faifan ma yana cikin akwatin, a nannaɗe da hular Baba. Duk shekara nakan fito da shi in gwada.

Bara ƙanwarmu da ke aure a Tamale ta canza waya, tana share tsofaffin saƙonni, sai ta ci karo da wani guntu da na taɓa tura mata ta WhatsApp, ni har na manta. Minti huɗu da daƙiƙa kaɗan. Baba na ba da labarin yadda motarsu ta kwana uku a Yeji tana jiran jirgin fito, goro na neman lalacewa, sai ya yi tari, ya ce a miƙo masa buta, ana jin Inna daga tsakar gida tana faɗa da kaji. Yanzu guntun yana wuri huɗu, ɗaya a Tamale.

Ban tura wa Yaya ba tukuna. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, aure.