Daga Nima zuwa Koforidua, kasuwar duwatsun ado ta ranar Alhamis

Duk mai harkar sarƙa da awarwaro a Akra ya san Alhamis ta Koforidua ce. Ni dai a kasuwar Makola nake sarin duwatsuna, in zauna a ɗaki in shirya abin wuya da jigida in sayar wa matan unguwarmu ta Nima da masu oda ta WhatsApp, amma kawuna kullum sai yace wai a hannu na uku nake sayen kaya, in ina so in san dutse to in biyo shi. Shi tun yana saurayi yake fataucin tsofaffin duwatsu, toh wannan karon na bi shi.

Ana idar da sallar asuba muka sha koko da ƙosai a bakin titi, muka hau trotro, wato bas ɗin haya, zuwa Madina, daga nan muka shiga motar Koforidua. Daɗin hanyar yana farawa ne daga Ayi Mensah inda mota ke fara hawan dutsen Aburi, kwana kan kwana, ka leƙa ƙasa ka hango Akra a shimfiɗe cikin hazo, ga wani sanyi da mu 'yan Nima ba mu saba da shi ba. Daga Mamfe muka karkata, sauran kuma gonakin koko ne da ayaba har muka iso wajen hantsi.

Abin da ke fara cika ido a kasuwar kayan matan ƙabilar Krobo ne, tebur bayan tebur na duwatsun kwalba, shuɗi da rawaya da kore an shirya su a zaren kaba, har na fara tsayawa ina taɓawa Kawu ya ja ni yace wannan ba ya gudu, mu fara da dattawa. Can gefe suke kan tabarmi, kuma wallahi kai kace a zango kake, Hausa kawai ke tashi, ga 'yan Nijar ga 'yan Mali ga namu na Kumasi da Akra. Gaisuwa kaɗai ta ci mana lokaci, ya gida ya iyali ya hanya, ina wane, ai ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Sai da aka gama duk wannan wani Alhaji ya dube ni yace "wannan 'yarka ce?" Kawu yace 'yar ƙanwata ce, ita ma ta shigo sana'ar. Yace "to 'yata matso kusa, abin nan ba a koyonsa daga tsaye."

Ya jawo wani tsohon tawul daga ƙasan jakarsa ya kwance. Dutse ɗaya ya ɗora min a tafin hannu, mai faɗin babban yatsa, shuɗi a jiki, in ka kalli bakinsa sai ka ga tauraro, ja da fari da shuɗi hawa hawa. Yace in ƙirga. Na ƙirga shida. Yace to na baya ne, na farkon da aka fara yi a Benis ta Italiya tun ƙarshen shekarun 1400 hawa bakwai gare su, kuma gefensu a goge yake da hannu. A tsibirin Murano ake yin su, inda aka tattara masu aikin gilashin garin tun 1291, jiragen Turawa suka riƙa kawo su gaɓar nan ana musaya da zinariya da manja, har da bayin Allah da aka sayar, wannan kam ba abin ɓoyewa bane. Masu furanni a jiki kuma, waɗanda 'yan Amurka suka fi so, yawancinsu na shekarun 1800 ne zuwa farkon 1900.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda Kawu ke duba kaya. Ba ruwansa da kyan jiki, rami yake kallo. Ya ɗaga dutse saitin rana ya kanne ido ɗaya, yace tsohon dutse zare ya ci bakin raminsa shekara da shekaru har ya yi sulɓi ya ɗan buɗe gefe guda, sabo kuwa ko an birkiɗa shi cikin yashi an shafa masa datti, bakin ramin da kaifinsa, wani ma har da farin gari a ciki. Tsakiya da aƙiƙ kuma sai ya ɗora a kumatu, dutse na gaske da sanyi da nauyi, roba ba ta da ko ɗaya. Jan aƙiƙ ɗinnan da kakanninmu ke sawa a wuya ashe mai yawa daga Kambat ta ƙasar Indiya ya fito, daga baya wani garin Jamus, Idar-Oberstein, ya shigo kasuwar da nasa masu santsi iri ɗaya. Manyan rawayan nan da ake cewa amba kuwa Alhaji da kansa yace min akasarinsu tsohuwar roba ce ta Turai, suna da kuɗinsu saboda tsufa amma kar in kuskura in ce wa kwastoma ƙaron itace ne. Na gasken in ka jefa shi a ruwan gishiri mai kauri tasowa yake.

Ni a ganina jarin sana'ar nan ido ne, kuma a kan dattawan zango yake. Kakanninsu fataken goro ne da suka bi ta Salaga, da yaƙin 1892 ya watsa garin suka bazu Kete Krachi da Kumasi da Akra, su kuma suka taso suna bin ƙauyuka suna sayen duwatsun tsofaffi, wani lokacin da kwanon samira ko turmin atamfa ake musayar. Kawu yace a shekarun 1970 buhu buhu ake fita da su Amurka, shi ya sa yanzu na kirki sai an tona. Na duba layin nan kaf ban ga matashi ko ɗaya yana zaune yana koyo ba, yaranmu duk sun tafi okada da sayar da waya, ba laifi bane neman halak ne, amma abin da ciwo.

Wani Buzu a ƙarshen layi shi ke da kayan Maroko. Baƙin dutse mai sheƙi da farin zane kamar mashi a ciki, da wasu naɗaɗɗu irin na katantanwa an raba biyu an goge. Halittun teku ne da suka zama dutse, daga wajen Erfud a bakin Sahara, masana na cewa masu kamar mashin sun kai shekara miliyan 400. Matan Nima ba za su sa wannan ba, na san mutanena, amma masu shaguna a unguwar Osu suna nema, na ɗauki kaɗan. Cinikin ma sai da aka yi dariya, yace min miliyan biyu, wato sidi 200, tun 2007 aka canza kuɗi amma har yau bakin 'yan kasuwa bai canza ba. Na haɗa da jan dutsen ƙauyen Abompe, bokzait ne, irin wanda ake fitar da alminiyam daga cikinsa, da ake yankawa da wuƙa a huda da hannu, arha gare shi kuma yana hawa da tagulla sosai.

A zangon Koforidua muka kwana, Kawu ya yi Juma'a, ranar Asabar muka gangara Odumase, garin Krobo, saboda kasuwar Agomanya da ke kusa Laraba da Asabar take ci. Kafin kasuwa ya kai ni bayan wani gida inda ake gasa duwatsun. Kwalaben da muke zubarwa ne, a daka a turmin ƙarfe a tankaɗe, a zuba garin cikin 'yan ramukan yumɓu, a soka tsinken ganyen rogo a tsakiya, in wuta ta ci tsinken ya ƙone sai ya bar rami. Murhun da ƙasar suri aka gina shi, an gitta sifirin ɗin tsohuwar mota a ciki ana jera kayan a kai. Zafin wurin ba a magana, ga wata yarinya a gefe tana ta gurza waɗanda suka huce a kan dutse da yashi da ruwa har launin ya fito. Su Krobo dutse dukiyar gado ce, shi ake jibga wa 'yan mata a bikinsu na balaga da ake kira dipo wajen watan Afirilu, kuma ba sa ce maka sabo tsoho ne, sai dai dillalin da ya saya a hannunsu.

A nan na kashe mafi yawan kuɗina, shuɗi mai garai garai da kore, na bar oda ta ƙananan farare na jigida. Tsohon na Benis guda ɗaya tak na iya saya, shi ma sai da Kawu ya sa baki Alhaji ya yarda in cika sauran ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ƙarshen wata. Muka biyo ta Somanya da Dodowa, go-sulo ɗin Adenta ya riƙe mu har bayan magariba.