Asabar ɗin da na tsufar da tashar jirgi

Tun bayan sallar asuba na shiga ɗakin da teburin yake, na toshe ƙarƙashin ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, domin na san da zarar hantsi ya ɗaga iskar hunturu za ta taso, kuma ɗanyen fenti ba shi da abokin gaba kamar ƙurarta. Wata uku ke nan ina harhaɗa ƙaramar tashar jirgin ƙasa a kan faifan katako mai tsawon mita 2. Gine-ginen guda huɗu ne: ofishin tasha mai tagar sayar da tikiti, siton kaya, tankin ruwa, da wani gidan ƙasa mai zaure a bayan layi. Dukkansu da kwali da guntayen katako na yi su, kuma har jiya suna tsaye ne da shafen farko mai ruwan toka. Yau na ware domin fenti, da kuma abin da ya fi fentin wuya, wato sa su yi kama da gine-ginen da rana da ruwa suka daɗe suna duka.

Abokaina sukan yi mini dariya, su ce mutumin Sakkwato da jirgin ƙasa ina aka haɗu, tunda dogo bai taɓa shigowa garin nan ba. Gaskiyarsu ce, amma reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma kafin a cire Zamfara a 1996 mu da Gusau da Ƙauran Namoda duk jiharmu ɗaya. Gyaɗa da auduga da fatun jar akuyar Sakkwato ta wannan reshe suka riƙa gangarawa Kudu. Irin ƙaramar tashar wannan reshe nake son fitarwa, a zamanin da kan jirgi ke cin kwal ɗin Inugu yana tuƙo hayaƙi.

Ma'aunin da nake bi shi ne wanda ake kira HO, inda kowane abu yake ƙanƙancewa sau 87. Ƙofa mai tsayin mita 2 takan koma milimita 23, mutum kuma bai wuce santimita 2 ba. Titin da aka fi sayarwa na wannan ma'auni yana da faɗin milimita 16.5, wanda yake wakiltar faffaɗan layi mai milimita 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu kuwa milimita 1,067 ne, shi ya sa na nemi titi mai milimita 12. Wannan lissafi ya shafi fenti kai tsaye, domin wanda ya tsaya mita ɗaya daga teburin kamar yana hango ginin gaske ne daga nisan mita 87, kuma duk wanda ya taɓa hangen gini daga nesa a cikin hazo ya san launi yakan kwanta, ja ya yi fatsi-fatsi, baƙi ya koma toka. Saboda haka ba na shafa launi yadda ya fito daga kwalba. Sai na sirka shi da ɗan fari ko ruwan ƙasa tukuna.

Fentin akirilik nake amfani da shi, wanda ake tsarma shi da ruwa. A wannan yanayi da leɓen mutum ma yake tsagewa, kafin ka kai buroshi bango fentin ya fara daskarewa a bakinsa. Dabarar da ta cece ni ita ce faranti da jiƙaƙƙen soso a ciki, a shimfiɗa takarda a kai, a ɗiga fentin a kan takardar, sai danshi ya riƙa ratsowa daga ƙasa. Bangon ofishin na ba shi ruwan madara, shafe uku marasa kauri, na zagaye gindinsa da ruwan kasa-kasa. Wannan bai ɗauki lokaci ba.

Rufin ne ya cinye mini safiya. Kwanon na yi shi da siririyar takardar aluminiyam da na danna a kan haƙoran mataji har ta ɗauki tudu da kwari, sannan na yanka ta falle-falle na jera, kowane falle yana hawa bakin ɗan'uwansa kamar yadda kafinta yake yi. Na fara da toka mai haske, domin sabon kwano bayan damina biyu ko uku sheƙinsa yakan mutu. Tsatsa kuwa ba a shafa ta da buroshi, sai da ɗan guntun soso da aka dangwala a fenti aka goge yawancinsa a tsumma, a riƙa taɓawa a hankali. Tana farawa ne daga kan ƙusa, da wurin da falle ya hau falle inda danshi ke maƙalewa, da bakin ƙasa inda ruwa ke ɗiga, sannan ta ja zare ta bi kwarin kwanon ta gangara. Tsohuwar tsatsa duhu gare ta kamar ƙanzo, sabuwa ce mai ruwan goro, don haka na sa mai duhun a tsakiya, mai hasken a gefe. Falle biyu na bar su ba tsatsa, kamar an canja su bayan iska ta kwashe na da, kuma a ganina su ne suka fi ba rufin gaskiya.

Gidan ƙasa ban sa masa fentin kwalba ba sam. Jar ƙasa na ɗebo daga bayan gida, na daka, na tankaɗe ta da tsohon gyalen uwargida, wadda ta ba ni shi bisa sharaɗin kada ya sake komawa hannunta. Na kwaɓa garin da farin gam da ruwa, na yaɓa da yatsa yadda magini yake yaɓe, har da zankwaye a kusurwoyin soro da indararo biyu na tsinken tsintsiya. A fuskar zauren na ƙara ɗan duhu mai ja domin ya yi kama da shafen makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Bayan azahar na yi ɓarna. Akwai matakin da ake tsarma fenti mai duhu ya zama kamar ruwan shayi, a kwarara shi a bango, ya shige cikin tsaguwa da lunguna ya fito da su. Gaggawa ta sa na yi amfani da baƙi zalla, na kuma cika ruwa, alhali ban shafe cikin bangon siton ba. Kwalin ya sha ruwa ta fuska ɗaya ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa. Na cire bangon na danne shi da dutsen guga a tsakanin takardu, na juya kan ofishin na bi bangonsa huɗu da wannan baƙin ruwa daidai wa daida, ina ganin na yi gwaninta.

Ana idar da la'asar Kawu ya shigo gaishe da mahaifiyata, aka ce masa ina ɗaki ina wasan yara. Shi ne dalilin wannan aiki tun asali, domin yana saurayi yaron mota ne a babbar motar da ke kai fatu da buhunan gyaɗa bakin jirgi, kuma labaransa na taso ina ji. Na shimfiɗa masa darduma, ya ƙi zama, ya sunkuya a kan teburin ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, “Ɗana, ina gabas ɗin wagga tasha?”

Na ce, “Allah ya ba ka yawan rai, Kawu, ai ban sa mata gabas ba.”

Ya ce, “To shi ya sa. Ka taɓa ganin ginin da ruwa yac ci ta kowane gehe daidai? Hadari daga gabas shika tasowa. Wanga naka ba tsuhwa yay yi ba, gobara ta yay yi.”

Na rasa abin cewa, domin abu ne da nake gani kullum a unguwarmu ban taɓa haɗa shi da teburin ba. Guguwar damina a ƙasar nan daga gabas take bugowa, shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa yake fara zaizayewa, kuma shi magina suka fi kula da yaɓensa kafin ruwa ya sauka. Kawu bai tsaya nan ba. Ya nuna tagar tikiti da ɗan yatsa ya ce ƙasanta ya kamata ya yi baƙin maiƙo mai santsi, saboda gwiwar hannun dubban mutane da suka jingina a wurin, kuma a gindin bangon akwai jan tofin goro da ba a rasa shi. Ya ce baƙin hayaƙi ba ya bin tasha duka, yana taruwa ne inda kan jirgi yake tsayawa shan ruwa, don haka tankin da gefen rufin da ke kallonsa su ne za su yi baƙi, ƙasan wurin kuma ta cakuɗe da tokar kwal da mai. Gidan ƙasan ya yabe shi, amma ya ce gindinsa ya yi lafiya da yawa, ba fantsamar ruwa, ba gogar awaki, kuma ƙarƙashin kowane indararo dole a ga hanyar da ruwa ya bi. Duk wannan a tsaye ya faɗe shi, ya sha ruwa ya tafi.

Tsakanin tafiyarsa da magariba na koma gyara. Na ɗaga faifan na zana kibiya da fensir a ƙarƙashinsa, na rubuta gabas. Baƙin ruwan da ya bushe a bangon ofishin ba ya gogewa da ruwa, tunda akirilik in ya kama ya kama, sai na bi bango uku da siririn shafen ruwan madara har duhun ya koma inuwa kawai, na bar na gabas da tabonsa, na ƙara masa zirin ruwa daga bakin rufi zuwa ƙasa. Daga nan na ɗauki buroshi mai tauri, na dangwala fenti mai haske, na goge shi a tsumma har ya zama kamar ba komai a jikinsa, na bi kusurwoyi da bakin tagogi, inda sauran ɗan fentin yake kama tudu kaɗai ya bar kwari. Maiƙon tagar tikiti da bakin fensir na yi shi, na murza da auduga ya yi ɗan sheƙi. Tofin goron ɗigo uku ne da tsinin tsinken sakace, waɗanda in ba an nuna wa mutum ba ba zai gan su ba. Gindin gidan ƙasan kuma na kankare shi da reza har ya shiga ciki kaɗan.

Ƙura ita ce ta ƙarshe. Na kankare alli mai launin ƙasa na haɗa da ragowar tankaɗaɗɗiyar jar ƙasar, na bi saman rufi da dokin ƙofa da buroshi mai laushi. Da na fesa man da ke riƙe launi, irin wanda ba ya sheƙi, sai fiye da rabin ƙurar ta ɓace, domin garin alli in ya jiƙe haskensa yakan mutu. Na sake zubawa karo na biyu, ban fesa ba, tunda babu mai taɓa rufin. Abin dariya shi ne na yini ina toshe ƙofa don kada ƙurar Allah ta shigo, ga ni kuma ina zuba ta hannu.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, na kunna tocila na haska tashar daga gefe, ƙasa-ƙasa, yadda rana take faɗowa da yamma. A wannan haske na ga tsatsar bayan rufin ta yi yawa, sai na rage ta gobe in Allah ya kai mu. Bangon siton na duba shi a ƙarƙashin dutsen guga, ya miƙe amma da saura, na mayar da shi ya kwana a can. Tankin ruwa ban taɓa shi ba, domin Kawu ya ce in jira shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zai nuna mini ta inda bututun yake zubar da ruwa.