Kuɗin coci, awon jini a harabar masallaci

Ranar da na kai maganar neman tallafin wata gidauniyar lafiya, domin mu riƙa yi wa mutanenmu awon jini, gaban kwamitin masallacinmu, dattijon da ke shugabancinsa ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, kuɗin coci fa kika ce?" Na ce, "Haka ne Baba, na 'yan Methodist ne." Sai ɗakin ya yi tsit.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Texas ta Amurka, kuma abin da ya kai ni ga wannan magana gajiya ce da zuwa ta'aziyya. Texas ce ke kan gaba a ƙasar wajen yawan marasa inshorar lafiya, tana kuma cikin jihohin da suka ƙi faɗaɗa shirin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Iyayenmu da aka kawo riƙon jikoki su suka fi shiga tsaka mai wuya, domin sabon mai katin zama yakan jira shekara 5 kafin galibin tallafin gwamnatin tarayya ya hau kansa. Mutum yana yawo da hawan jini bai sani ba, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi.

Kafin in koma wurin Baba sai da na binciki asalin kuɗin. Ashe yawancin irin waɗannan gidauniyoyi daga asibitoci suka fito. A Kansas, bayan an sayar da asibitin Wesley na Wichita a 1985, da wani kaso na kuɗin aka kafa United Methodist Health Ministry Fund a 1986. A San Antonio kuwa, Methodist Healthcare Ministries ta mallaki rabin rukunin asibitocin Methodist na birnin tun 1995, da ribar take yi wa gundumomi 74 na kudancin Texas hidima. Abin ma gado ne: John Wesley, wanda ya kafa tafarkin Methodist, ya buɗe wurin ba da magani kyauta a Landan tun 1746. Gidauniyar da muka nema a wurinta ba zan kama sunanta ba. Na dai buga takardar sharuɗɗanta, muka bi ta layi-layi da Baba, ina fassara masa. Babu inda aka ce a yi wa kowa wa'azi. Ya ninke ta ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Amma ke za ki riƙe lissafi."

Neman farko ya faɗi, kuma laifina ne. Na rubuta shafuka ina ba da labarin wahalar mutanenmu, har ni kaina na ji ƙwalla. Da na kira jami'ar da ke duba takardun, cikin ladabi ta tambaye ni abu guda: bayan shekara ɗaya, me zai canza, kuma da me za a auna shi? Na rasa amsa. Ga shi ba mu da rajistar 501(c)(3) ta hukumar haraji, wato shaidar ƙungiyar agaji da ba ta neman riba, wadda ba kasafai ake ba ƙungiya tallafi ba sai da ita. Dole muka raɓu da wata tsohuwar ƙungiyar agaji mai rajista, kuɗin ya bi ta asusunta, ita kuma ta ɗauki ɗan kasonta na ɗawainiya. A lokacin na ji zafin kason nan. Da watan rahoto ya zo na gane araha muka samu.

A karo na biyu na rage buri. Hawan jini da ciwon suga kawai, ga waɗanda suka haura hamsin. Aka ba mu.

Muka sayi na'urorin awo, muka tura mata biyu horon sa'a 160 da Texas ke buƙata kafin ta ba mutum shaidar ma'aikacin lafiyar al'umma. Kowace Juma'a bayan an sauko, tebur biyu a harabar masallaci, na maza daban, na mata daban. Mutane suka yi ta tururuwa, ni kuma ina ta cika littafi da sunaye ina murna.

Murnar ba ta wuce wata uku ba. Da na zauna bin sawun waɗanda awonsu ya yi sama muka ba su takardar zuwa asibitin unguwa, irin wanda ake biya gwargwadon samu, sai na tarar ƙalilan ne suka je. Na kira wata Hajiya da jininta ya tayar mini da hankali, na ce, "Hajiya, ya ba ki je ba?" Ta ce, "'Yar nan, wa zai kai ni? Ɗana tun asuba yake fita, surukata aikin dare take yi. In na je ma, da wane bakin zan yi wa likita bayani?" Duk kasafin da na tsara babu ko sisin mota, babu na tafinta. Ni da nake tuƙa kaina zuwa aiki kullum, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Kwana biyu ina jan ƙafa kafin in sanar da gidauniyar, ina tsoron kada su ce mun gaza. Da na daure na rubuta musu gaskiya, sai suka amince a karkatar da kuɗin da muka ware wa buga takardun faɗakarwa zuwa sufuri. Dama takardun nan a jaka suke ƙarewa, ko a naɗe tsire da su. Sharaɗinsu ɗaya: kada a sake taɓa wani layi na kasafin sai an nemi izini a rubuce.

Azumi ma ya zo da nasa. Masu shan maganin suga suna canza lokacin shan ƙwaya da kansu, ba su gaya wa kowa ba. Sai muka haɗa liman da wani likita a zama ɗaya kafin Ramadan, kowa ya amsa ɓangarensa. Abin da na yi wata da watanni ina faɗa ba a ji ba, liman ya faɗe shi sau ɗaya ya zauna.

Yanzu ina rubuta neman shekara ta biyu. Layin farko na kasafin kuɗin mai ne da ladan direba, na biyu na tafinta. Baba kuwa, wanda ya fi kowa tantama, shi ke fara nannaɗe hannun riga kowace Juma'a, kuma har yau bai daina musu da na'urar ba idan ta nuna masa abin da bai so.