Moɗa ɗaya a bakin randa: abin da na koya a makarantarmu ta Gadarif

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar firamare da ke unguwar Hausawa a garin Gadarif na ƙasar Sudan, kuma ban taɓa karanta aikin asibiti ba. Bayan yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 an rufe makarantu, a watan Satumba na shekarar aka tabbatar da ɓullar kwalara a jiharmu, sannan a watan Disamba mutanen garin Wad Madani suka yi ta kwararowa gudun hijira, har azuzuwanmu suka koma ɗakunan kwana na iyalai. Da aka sake ba mu damar karatu, shugaban makaranta ya ɗora mini alhakin lafiyar yara, alhali ba mu da ɗakin shan magani, ba mu da ma'aikacin jinya, ko ƙwayar ciwon kai babu a aljihun teburinsa.

Na fara da abin da malami ya fi iyawa, wato jawabi. Mako guda ina tsayawa a taron safe ina bayanin ƙwayoyin cuta, yara suna amsawa da ƙarfi cewa sun fahimta. Ran nan lokacin fatur, wato karin kumallon hantsi, na zauna a gindin dogon yaro kusa da randunan ruwan sha, waɗanda a nan ake kira zir, sai gani ya kori ji. Wani yaro ya fito daga makewayi da gudu, ya ɗauki moɗar da aka ɗaure da igiya, ya zura hannu cikin randa har wuyan hannunsa ya nutse domin ruwan ya yi ƙasa, ya sha rabi, ya mayar da sauran ciki saboda an koya masa cewa zubar da ruwa almubazzaranci ne. Kafin a kaɗa ƙararrawa na daina ƙirga bakunan da suka taɓa moɗar nan. Yaron bai saɓa wa jawabina da gangan ba. Ƙishirwa yake ji, kuma hanyar shan ruwa ɗaya ce muka tanadar masa.

Abin da ya sa wannan ya tayar mini da hankali shi ne halin kwalara. Ƙwayarta tana fita a bayan gida, ta shiga ciki ta ruwa ko abinci, kuma tana iya nuna kanta daga awa 12 zuwa kwana 5 bayan ta shiga jiki. Yawancin waɗanda suka ɗauke ta ba sa kwanciya ko kaɗan, amma suna iya fitar da ita har tsawon kwana 10, ke nan yaron da ke wasan ƙwallo lafiya ƙalau zai iya gurɓata ruwan makaranta duka. A shekarar 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi sawun mace-macen kwalara har zuwa wani famfon unguwa, ya sa aka cire mariƙinsa. Ni mariƙin famfona moɗa ce.

Cire ta bai zo da sauƙi ba, domin Baba mai gadi, wanda ya girmi mahaifina, shi ke cika randunan, kuma yana ɗaukar aikin a matsayin sadaka. Ya ce mini: “Malam, tun kafin a haife ka ake sha a randar nan, yau kuma ita ce mai laifi?” Na ce: “Baba, randa ba ta yi laifi ba, hannuwan da ke shiga cikinta ne suka yi yawa.” Muka daidaita a kan cewa randuna za su zauna saboda sanyin ruwansu, amma kowace za ta sami murfi da ludayi mai dogon mariƙi da ake ratayewa, ba wanda zai kai shi baki, kuma manyan ɗalibai ne za su riƙa zuba wa kowa a kofinsa ko gorarsa da ya zo da ita daga gida. Daga baya muka sami jarkoki masu famfo. Baba kuwa ya zama mafi tsananin mai tsaron dokar, har malamai yake kora.

Shi kansa ruwan wata matsala ce. Gadarif gari ne mai ƙarancin ruwa, masu karo, wato keken jaki, ne ke kawo mana shi a ganga, kuma da damina yakan zo jajir da laka. A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ma'aikatan lafiya sun ba mu ƙwayoyin kulorin, wanda mutane ke kira maganin ruwa ko da yake ruwa ake yi wa shi ba mutum ba, ni kuma da na ga ruwan ya yi dauɗa sai na ninka adadin da aka ce. Ruwa ya yi wari, yara suka ƙaurace masa, suka koma shan na masu talla a bakin ƙofa wanda ba mu san asalinsa ba. Ashe laka tana cinye ƙarfin kulorin, don haka sai an bar ruwa ya kwanta, an tsiyaye na sama, sannan a sa daidai ƙima a jira minti 30. Wata malama da ta taso a bakin kogin Nilu ta nuna mana yadda matan ƙauyensu ke daka ƙwayar zogale su zuba a ruwa, laka ta dunƙule ta sauka ƙasa. Dabarar tana tace ruwa sosai, amma ba ta kashe dukkan ƙwayoyin cuta, saboda haka ba ta maye gurbin kulorin ko tafasawa.

Wajen wanke hannu ma sai da na yi tuntuɓe sau biyu. Na ajiye wurin wanke hannu a bakin ƙofar shiga domin baƙi su gani su yaba, sai ya zama ba mai zuwa can daga makewayi, ga kuma taɓo da ya taru a ƙarƙashinsa. Sabulun da na saya bai kwana uku ba ya ɓace, kuma ban zargi kowa ba, domin na san gidajen da ba su da shi. Muka mayar da jarkokin zuwa ƙofar makewayi da kuma inda ake cin abinci, muka haƙa ƙaramin rami muka cika da tsakuwa don ruwa ya tsotse, muka narka garin sabulu a gorar roba mai hudajjen murfi, wadda ba ta da amfani ga kowa a gida. Ranar da sabulu ya yanke, toka muke sawa. Ana son a cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20, yara kuwa ba su da agogo, sai na sa su riƙa ƙirgawa da babbar murya, lissafi ya shigo ta bayan gida.

Abu biyu ne suka fi ba ni wahalar ganewa, domin dukansu suna kama da tsafta. Na farko shi ne kwanon wanke hannu da ake zagayawa da shi kafin a ci wake a faranti ɗaya: na ƙarshe yana wanke hannu ne da dauɗar na farko. Muka koma zuba wa juna ruwa daga sama. Na biyu ita ce buta, wadda ake shiga makewayi da ita sannan a ɗauke ta a yi alwala, mariƙinta kuwa ba a taɓa wanke shi. Muka ware butocin makewayi da jan fenti, aka hana su fitowa.

Sauro bai ci mana lokaci sosai ba. Wanda ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, wato lokacin da yara ke aji, kuma a ruwa mai tsabta da aka ajiye yake haihuwa, daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10. Saboda haka duk Alhamis kafin a tashi sai an juye kowace randa da ganga an goge cikinta da soso, domin ƙwan yana manne wa bango ne, juyewa kawai ba ta fitar da shi.

Tagogi kuwa mun tarar da su a toshe da kwali da buhuna, domin iyalan da suka zauna a ciki suna neman sutura, malamai kuma suka so a bar su haka saboda ƙura. Na dage aka buɗe na ɓangarori biyu domin iska ta ratsa, ajin da ya fi cunkoso kuma aka raba shi, rabi a ƙarƙashin bishiya. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma yaro yana yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su bayyana. Wannan ya sa ban taɓa gaya wa iyaye cewa taga za ta tsare ƙyanda ba. Iska tana rage haɗari ne kawai, allurar rigakafi ce ke tsare ta, kuma duk lokacin da masu allura suka zo mukan ba su aji.

Mafi nauyin gyara a kanmu malamai ya faɗa. Al'adarmu ce duk wanda ya yi fashi ya sha bulala, don haka yaro mai gudawa yakan ɗaure ciki ya zo. Wata safiya na ga wata yarinya 'yar aji uku ta kifa kai a benci, idanunta sun faɗa, ta fita sau uku kafin a gama darasi. Na aika aka kira mahaifiyarta, ta zo a tsorace tana cewa: “Malam, wallahi ita ta nace, wai za a doke ta.” Na ce: “Inna, laifinmu ne, ki wuce da ita asibiti yanzu, ki riƙa ba ta ruwa a hanya.” A ranar shugaban makaranta ya soke bulala a kan rashin lafiya. Limamin unguwa ya taimaka mana a huɗubar Juma'a da hadisin da ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, wanda ya ratsa iyaye fiye da duk takardun da na rubuta musu.

Daga nan na ƙara layi ɗaya a rajistar kiran suna, inda ake rubuta dalilin fashi da unguwar yaro: gudawa, zazzaɓi, tari, ciwon ido ko ƙuraje. Idan yara uku daga lungu ɗaya suka ɓace da dalili iri ɗaya, a ranar nake sanar da cibiyar lafiya. Yarinyar nan ta dawo bayan mako guda, ta rame, da sabon kofin roba rataye a wuyanta. Makewayinmu dai har yanzu bai wadaci yawan yaran ba, kuma duk sanda kuɗin gangar ruwa ya tashi, sai na zauna da shugaban makaranta mu yanke shawarar nawa za a sha, nawa za a bar wa jarkokin wanke hannu.